Zaren Ranar Alhamis

A shekarun farko bayan mun sami mulkin kai ina zaune a Yamai, unguwar Maure, a gidan yayana mai aikin gwamnati. Daga Maraɗi aka turo ni bayan na gama ƙaramar lakkwal, wato makarantar boko, wai in taya matarsa rainon yara kafin Allah ya kawo miji. Aikin ba ya cika mini yini, sauran lokacin kuwa a kan littattafan soyayya yake ƙarewa. Akwai wani tsoho a bakin kasuwa da ke shimfiɗa su a kan buhu, na Faransanci masu hotuna, waɗanda matan Nasara suka karanta suka bari. A cikinsu na koyi yadda ake so. Namiji zai tsaya gaban mace, ya dafa ƙirji, ya faɗi abin da ke ransa a fili, har a rubuta maganar a bisa kansa don kowa ya gani. In kuwa mace ta juya baya ta rufe fuska, to an yi faɗa ke nan. Haka na haddace, kuma na zauna ina jiran ranar da wani zai tsaya gabana ya dafa ƙirji.

'Ya'yan yayana da na maƙwabtanmu duk a Yamai aka haife su. A titi Zabarmanci suke yi, a lakkwal Faransanci, Hausa kuwa sai in za su ce a ƙara musu tuwo. Da 'ya'yan yayana suka je hutu Maraɗi, kakarsu ta dawo da su tare da saƙo mai zafi: jikokinta suna magana kamar ana korar su da sanda, suna gutsure kalma tun ba ta gama fitowa ba. Abin ya taɓa yayana. Ya zauna da sauran magidanta, mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa, suka yanke cewa duk ranar Alhamis, tunda ba a zuwa lakkwal, yara su taru a tsakar gidanmu ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dalbejiya, a samo malamin da zai gyara musu baki.

Malamin da aka samo saurayi ne ɗan Tawa, yana koyarwa a wata lakkwal ta wajen Gudel. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a ƙasarmu. Dogo ne siriri, da farar riga mai gajeren hannu, da keke mai ƙararrawa wadda ake ji tun daga kwanar titi. Ranar farko bai zo da littafi ko allo ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da mazari, irin wanda tsofaffi ke kaɗi da shi, cike da zare rinannen shuni. Ya ce na mahaifiyarsa ne.

"Yau ba rubutu," ya ce wa yaran. "Kunnuwanku za mu fara wankewa. Amma ina son babba ya riƙe mini ƙarshen zaren nan, ku kuma za ku bi shi da murya."

Ina bakin madafa ina tsintar shinkafar da na riga na tsince. Matar yayana ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ga wata nan, Mushe. Ba ta da aiki sai kallon Nasara suna rungume juna a takarda."

Yara suka kwashe da dariya. Na tashi ina jin kamar ƙasa ta buɗe in shige, na je na karɓi ƙarshen zaren.

Ga yadda yake yi. Shi yana tsaye da mazari, ni ina gabansa da ƙarshen zaren a yatsuna. Sai ya faɗi kalma. In wasalin gajere ne, kamar a garin da mutane ke zama cikinsa, ba na motsawa, yara su yi tafi guda su faɗe ta a taƙaice. In dogo ne, kamar a garin da ake tuƙa tuwo da shi, sai in ɗaga hannu in riƙa ja da baya, zare yana warwarewa daga mazari, yara suna buɗe hannuwa suna jan sautin, ba su da izinin tsayawa sai na sauke hannu. Ba a daɗe ba suka kama. Da ya ce dawa ta jeji sai ka ji tafi kaf. Da ya ce dawa ta rumbu sai tsakar gida ta cika da murya, har kajin matar yayana su watse.

Amma ni abin da nake jira duk mako shi ne ƙarshen karatu. Lokacin nan ina can nesa wajen randa, zare ya miƙe tsakaninmu. Sai ya fara murza mazarin yana naɗewa, ni kuma ina takowa a hankali, zaren yana jawo ni, har in iso gabansa in ajiye masa ƙarshen a tafin hannu, ba tare da yatsana ya taɓa nasa ba. Sai ya ce, "Madalla, ƙanwata." Ban damu da kalmar ba. A littattafaina ma sau da yawa da haka ake farawa.

Shunin yana kama fata. Duk Alhamis yatsuna biyu suna komawa shuɗi, ni kuwa in lallaɓa su wajen wanke-wanke don kada launin ya fita kafin wata Alhamis ɗin. Matar yayana, wadda ke ce mini uwar mijinta don wasa, ta gane.

"Uwar mijina, wannan wane irin lalle ne? Na Tawa?"

"Yaya, ki bari mana."

"Na bari. Amma tukunyar nan da hannu biyu ake wanke ta."

Haka muka yi ta tafiya har sanyi ya shigo. Ƙaramar 'yar yayana, wadda a da take haɗiye rabin kowace kalma, ta koma tana ja wa kowa magana, har mai ruwan da ke kawo mana garwa sai da ta gyara wa baki. Yayana ya riƙa yabon Mushe a wajen cin abinci, ni kuma in sunkuyar da kai kamar ni ake yabo. A raina na riga na gama tsara komai: ɗakinmu a Gudel kusa da ruwa, da taga mai kallon lambuna, da keken a jingine bakin ƙofa, da yadda zan riƙa jin ƙararrawar in ya taso daga lakkwal.

Sai ga 'yar Damagaram.

Gidan kawunta yana kallon namu. Ta zo Yamai ne koyon buga tafireta a wani ofis. Wata Alhamis ta rako 'ya'yan kawun nata, ta ce za ta ɗan tsaya ta ga abin da ake yi, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna. Ba ta fi ni kyau ba, na auna wannan sau da dama a madubin matar yayana. Abin da take da shi baki ne, da wata irin dariya da ke sa wanda ke nesa ya juyo. Ba ta yi rabin sa'a a zaune ba ta fara tsokanarsa.

"Mushe, kai ma fa Hausarka ta Adar sai an ɗaura mata zare."

"To ke ta Damagaram ai igiyar rijiya za a nemo mata."

Ya yi dariya har ya saki mazarin ya faɗi. Watanni ina riƙe masa zare ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar.

Daga nan ba ta ƙara fashi ba. Ni dai ina riƙe da zarena, ina ce wa kaina ta yi ta surutunta daga kujera. Sai wata Alhamis baƙi za su zo mana daga Maraɗi, matar yayana ta aike ni Gudel tun da safe in sayo kifi da tumatir da salati a bakin lambu. Na roƙe ta ta bari sai an tashi karatu, ta ce kifi ba ya jiran karatu. Na tafi kusan da gudu. Mai kifin Bazabarme ne mai son hira, sai da ya gaishe ni da mutanen gidanmu ɗaya ɗaya kafin ya buɗe kwando. Ina dawowa, tun daga ƙofar gida na ji wata murya tana jan sauti kamar mai waƙa. Na shiga na tsaya.

Tana riƙe da ƙarshen zaren. Tana ja da baya tana ɗan karkaɗa kafaɗa, yara suna bin ta da murya suna dariya, Mushe yana sakin zaren yana kallonta. Na tsaya da kwando a ka, ruwan kifi yana ɗiga mini a wuya, ban iya saukewa ba. Na ga an gama, na ga ya murza mazarin, na ga ta tako har gabansa. Ita ba ta lallaɓa ba. Ta jefa masa ƙarshen zaren a hannu ta ce, "Ungo kayanka."

Alhamis ta gaba na fito da wuri na tsaya a wurina. Mushe ya jingine keke, ya dube ni, ya dube ta.

"Ƙanwata, na lura tafin yaran nan ba ya haɗuwa. Ke kina da hannu mai kaifi. Ki tsaya gabansu ki ja musu tafin, ita kuma ta riƙe zaren."

Na ce to. Me zan ce? Na koma mai tafi. Duk kalmar da ba ta da tsawo tawa ce, kaf, an wuce. Duk mai tsawo tata ce, ta yi ta tafiya da baya tana yanga a tsakar gidan yayana, a kan ƙasar da ni na share da safe. Na tsani ɗan kunnenta. Na tsani yadda take ɗaura kallabi. Na tsani ƙaramar 'yar yayana ranar da ta ce, "Gwaggo, ita in ta ja sai ka ji kamar rediyo." Na riƙa yin tafin da ƙarfi har tafin hannuna ya yi ja, ko zai juyo ya ce wani abu. Bai juyo ba.

Shunin yatsuna ya kwashe ya tafi. Wata rana na leƙa gidansu aike, na same ta a bakin rariya tana dirje yatsunta da lemun tsami da toka.

"Zaren malaminku zai sa a kore ni daga aiki," in ji ta. "Duk takardar da na taɓa sai ta yi shuɗi."

Na tsaya ina kallon abin da na yi watanni ina tattali yana bin ruwan wanke-wanke.

"'Yar Maraɗi, lafiya? Kina kallona kamar na cinye miki tuwon dare."

"Lafiya lau."

"To zauna mana. Kin iya kitso? Kaina ya tsufa."

Na zauna na yi mata kitso. Abin haushin ke nan, ba ta da mugun hali ko kaɗan. A littattafaina wadda ke ƙwace wa yarinya masoyi tana da siririn ido da jan baki, kuma tana shan sigari. Wannan kuwa tana ba ni labarin kakarta tana miƙo mini gyaɗa. Na ja mata gashi fiye da yadda ya kamata, ta ce haka take so, ya fi daɗewa.

Da zafi ya fara, magidanta suka ce kafin babban hutu za su taru su ji abin da yaransu suka koya, tunda daga nan za a kai su gida wajen kakanni. Za a shimfiɗa tabarmi, iyaye maza da mata duk za su zo. Ba abin da ya tsaya mini a rai sai tambaya guda: wa za ta riƙe zaren a gaban unguwa? A ganina duk wadda ta tsaya gabansa a ranar, ta tako har ta sa masa ƙarshen zare a hannu a idon iyaye, to magana ta ƙare. Na riƙa kulle ɗaki ina gwada tafiya da baya. Na gwada karkaɗa kafaɗa irin tata, na ga ban yi kyau da shi ba, na bari. Na yi addu'a a kan zaren nan fiye da yadda na yi a kan jarrabawata.

Sai abu ya canja. Wata Alhamis ta zo ta zauna kamar kullum, amma da aka ji ƙararrawar keke a kwana sai ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta bi ta ƙofar baya. Mushe ya shigo ya dubi kujerar, ya miƙo mini zaren. Mako na gaba 'ya'yan kawunta su kaɗai suka zo. Na gamu da ita a bakin pampo na ce, "Mushe ya zo jiya ba ki nan." Ta kau da kai ta ce, "Mai keken nan? Ina da aiki ne." Ko kalmar Mushe ta daina fitowa daga bakinta. Ranar da suka yi kiciɓis a titi a kan idona, ta juya ta fuskanci bango har ya wuce, shi ma ya duƙufa a kan kekensa kamar sarƙa ta zame.

Na san wannan hoton, na gan shi a littafi ya fi a ƙirga. Mace ta juya baya, namiji ya sunkuya. Sun yi faɗa. Ban san a kan me ba, ban kuma nemi sani ba. Na ji iska ta shige ni har ƙafa. Yatsuna suka sake yin shuɗi. Har tausayinta na ji, na haɗa mata kopto, kwaɗon zogale da ƙuli, da hannuna na kai mata, ta karɓa tana murmushi a ƙasa ƙasa, na ce a raina kai, yarinyar nan tana da dauriya.

Matar yayana ta same ni ina waƙa a bakin murhu. Ta daɗe tana kallona.

"Uwar mijina."

"Na'am, Yaya."

Ta buɗe baki, ta rufe. Sannan ta ce, "Ki rage kallon mutanen takarda. Ki riƙa kallon na unguwa."

Na ɗauka faɗan da ta saba ne.

Ranar ta zo. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, magidanta suka zauna ta wajen zaure da manyan riguna, mata suka taru can baya kusa da madafa. Na sa zanena na Salla. Na hango 'yar Damagaram a tsakiyar mata, ta lulluɓe har goshi, kanta a ƙasa. Mushe ya fito da mazarin ya miƙo mini ƙarshen zaren a gaban kowa. Na karɓa.

Yara suka yi abin kirki. Tafi yana fita tare, ja yana fita tare, magidanta suna gyaɗa kai, wani tsoho ɗan Tawa har da share ido. Kalmar ƙarshe mai tsawo ce. Na ɗaga hannu na fara ja da baya, ina jin kaina kamar wadda aka zana a bangon littafi, har dugadugaina suka taɓa bakin tabarmar mata. A nan na ji muryar wata dattijuwa a bayana.

"Ke amaryar Mushe, ɗago kai mana ki ga mijinki yana aiki."

Mata suka yi dariya a ƙasa. Matar kawunta ta ce, "Bar ta, Hajiya, kunya ce. Tun ranar da mutanen Tawa suka kawo goro ba ta ƙara yarda sun haɗa ido ba, ko sunan aikinsa ba ta faɗa. In ba don haka ba ai yau ita ce da zaren nan."

Ban san na bar hannuna a sama ba. Yara suna ta jan sautin, suna ja, muryoyinsu suna sirancewa, wasu sun fara tari, suna kallona suna jiran izini. Sai ƙaramar 'yar yayana ta yi ƙara: "Gwaggo, numfashi!" Magidanta suka fashe da dariya, suka ɗauka cikin shirin ne. Na sauke hannu.

Sannan ya fara murza mazarin. Ba yadda zan yi, zaren yana ja ina bi. Tsakar gidan nan da nake sharewa kullum ban taɓa sanin tana da faɗi haka ba. Na ɗaga ido na dube shi sosai, abin da ban taɓa yi ba. Yana murmushi, amma idonsa ya bi ta kan kafaɗata ya wuce can wajen madafa, ya yi saurin dawowa kan mazarin. Ya ba ni zaren ne domin ni ce wadda zai iya tsayawa gabanta a idon iyaye ba tare da jin nauyin komai ba. Na ajiye masa ƙarshen a tafin hannu.

"Madalla, ƙanwata."

Matar yayana ba ta tsokane ni ba a ranar, ba ta kuma ƙara ambaton lallen Tawa ba. Da aka watse ta miƙo mini rabin lemun tsami. Na karɓa na ajiye a kan taga har ya bushe.

Yara suka tafi hutu, kakarsu ta aiko da cewa yanzu ta ji jikokinta. Bayan damina aka yi bikin. Na yi aikin girki kamar kowa, na yi guɗa da aka ce a yi. Gudel suka tare, kusa da ruwa, kuma tagar tana kallon lambuna, kamar ya shiga kaina ya kwafo. Ban je ba sai da ta aiko sau da yawa tana cewa ko na yi fushi da ita ne. Ta tarbe ni da murna, ta ja ni har ɗakin ciki don in ga jerenta. Ina duba kwanoni sai idona ya kai kan gado. Kusurwa ɗaya ta gidan sauro an ɗaure ta a ƙusa da zare mai shuni, an ninka shi an ƙulle.

Ta ga inda nake kallo.

"Ai zaren karatunku ne. Maɗaurin ya tsinke, na duba ban sami komai ba, na yanko a mazarinsa. Da ƙarfi fa, ya fi igiyar kasuwa."

Na ce lalle da ƙarfi. Ta tafi ɗebo mini ruwa. Na miƙa hannu na murza ƙullin tsakanin yatsuna biyu, na duba, ko ɗigon shuni bai kama ni ba. Ta riga ta wanke shi.